Ɗakin Yaro Ya Cika: Ina Za A Sa Kayansa?

  

Kwanakin baya wani magidanci daga cikin maƙwabtanmu ya tare mu a ƙofar masallaci bayan sallar Isha'i, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, ina son ka yi wa yaron nan nawa faɗa, ko ya ji naka. Kullum safiya sai an yi rigima a gidana. Yau kaye ya ɓace, gobe ƙanensa ya yaga masa littafi, jibi takalmi ƙafa ɗaya. Har mushensu ya gaji ya aiko a kira ni." Muka ce masa, "Alhaji, kafin mu yi faɗa, a ba mu izini mu ga inda yake kwana."

Washegari muka je. Ɗaki ne ɗan ƙarami, katifa biyu a ƙasa, ɗaya ta yaron mai shekara 11, ɗaya ta ƙannensa biyu. A kusurwa ga buhun hatsi biyu, ga tsohon keken ɗinki da aka daina amfani da shi, ga akwatunan uwar gida uku an ɗora ɗaya kan ɗaya. Kayan yaron kuwa, tufafi da littattafai da allo, suna cikin wani kwali da ya fara rubewa da wata babbar leda. Muka tambaye shi, "Ɗana, a ɗakin nan ina ne wurinka?" Ya duba gabas ya duba yamma, sai ya nuna katifa. Alhaji ya yi shiru, mu ma ba mu ƙara komai ba.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattauna batun a yau. Sau da yawa muna tuhumar yaro da rashin adana kaya alhali ba mu taɓa ba shi inda zai adana su ba. Faɗaɗa ɗaki ya fi ƙarfin mafi yawanmu, musamman masu zaman haya, amma samar da ma'ajiya a cikin ɗakin da ake da shi abu ne da talaka ma zai iya idan ya yi niyya.

Me ya sa sai a wannan shekarun?

Tsakanin shekara 9 zuwa 12 abubuwa biyu ne suke haɗuwa a kan yaro. Na farko, kayansa suna yawaita. Wanda yake ajin CM1 ko CM2 ya riga ya tara kaye da littattafai, idan kuma ya shiga kwaleji sai ya tarar kowane darasi da malaminsa, kowane malami kuma da kayen da yake so. Ga karatun addini da nasa kayan: allo da tawada da alƙalami, Alƙur'ani mai girma, da ƙananan littattafai irin su Ahalari da Ishmawi. Ga tufafin makaranta, ga na zaman gida, ga na Juma'a da Sallah. Kwalin da ya ishe shi yana ɗan shekara 6 ba zai ɗauki rabin wannan ba.

Na biyu, shi kansa yana sauyawa. Kunya tana shigarsa, yana fara gane nawa da naka, yana son a ɗauke shi mutum. Shari'a ba ta bar wannan mataki haka nan ba. A hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, an umurci iyaye su sa ƴaƴansu sallah tun suna da shekara 7, idan sun kai 10 kuma a raba musu makwanci. Malamai sun yi bayani cewa mafi ƙaranci shi ne kowa ya kasance da mayafinsa, mafi kyau kuwa kowa da shimfiɗarsa. Wanda aka ce a ware masa wurin kwana, ai hankali zai ba mu cewa yana bukatar wurin da zai tuɓe ya rataye rigarsa, da inda zai sa abin da ba ya son ƙannensa su taɓa.

A gidajen da muka tashi al'ada ta riga ta warware wannan. Namiji idan ya tasa sai ya koma zaure ko ɗakin samari, mace kuma ta koma ɗakin kakarta ko na wata gwaggo. Amma magidancin da yake haya a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, mai ciki da falo ko ɗaki biyu, ba shi da zaure, kaka kuma tana ƙauye. Dole ya nemi dabara a cikin bango huɗun da yake da su.

A fara da fitarwa kafin a kira kafinta

Kuskuren da aka fi yi shi ne a garzaya kasuwa a sayo armuwar babba a cusa a ɗakin, sai a wayi gari wurin ya ƙara ƙuntata. Aikin farko ba ya cin ko dala. A zaɓi ranar da ba makaranta, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a fito da duk abin da ke ɗakin.

Za a tarar da cewa kaya masu yawa ba na yaron ba ne. Mu iyaye mun saba mai da ɗakin yara juji: tsohuwar rediyo, tukwanen biki, taya, buhunan abinci. A nema musu wani wuri ko a rabu da su. Muna jan hankali musamman a kan hatsi da wake, domin suna kiran ɓera da ƙwari, kuma ƙwayar maganin da ake jefawa cikin buhu don kashe ƙwari tana fitar da iska mai guba wadda take iya kashe mutum a rufaffen ɗaki. Haka nan man fetur a kwalba da maganin feshi, ba su da mazauni inda yara suke barci.

Sannan a raba kayan yaron kashi huɗu: waɗanda yake taɓawa kullum, waɗanda sai lokacinsu ya zo kamar bargo da rigar sanyi da kayan Sallah, waɗanda suka yi masa kaɗan, da waɗanda suka mutu. Na uku a ba ƙane ko a yi sadaka da su tun suna da sauran amfani, kuma ya fi kyau yaron ya miƙa da hannunsa don ya saba da bayarwa. Tsofaffin kaye da takardun da ke ɗauke da ayoyi ko sunan Allah kada a zuba su a shara ko a bar su su koma ƙunshin ƙosai. A ƙone su a wuri mai tsabta ko a binne su.

A yi wannan aiki tare da shi. Motar gwangwanin da ya ƙera, ko duwatsun da yarinya take carafke da su, a idonmu tarkace ne, a wurinsu kuwa dukiya ce. Idan aka zubar a bayan idonsu, abin da za su koya shi ne ɓoye mana kaya. Gara a ba kowa ɗan kwali guda, a ce abin wasan da ya shiga nan naka ne, wanda bai shiga ba kai za ka zaɓi wanda za a fitar.

A auna ɗakin

Bayan an fitar sai a ari mitar tela, wadda tsawonta santimita 150 ne, a auna ɗakin a rubuta. Mu ɗauki misalin ɗaki mai mita 3 tsawo, mita 3 faɗi. Ƙasansa murabba'in mita 9 ke nan. Katifar mutum ɗaya mai santimita 90 da 190 tana cin kusan murabba'in mita 1.7, biyu kuma sun kusa 3.5. Ƙofa tana bukatar wurin buɗewa, ana bukatar hanyar wucewa, sannan dole a bar inda za a shimfiɗa darduma, tun da yaron ya kai lokacin da ake tsare shi da sallah. Abin da ya rage a ƙasa kaɗan ne.

To amma a ɗaga kai a dubi bango. Kewayen wannan ɗakin mita 12 ne, idan tsayinsa ya kusa mita 3, bangon ya haura murabba'in mita 30 ko da an cire ƙofa da taga. Wato bango ya ninka ƙasa sau uku, kuma a yawancin gidajenmu babu abin da ke jikinsa sai kalanda. Saboda haka ƙa'idar ita ce a sauke wa ƙasa nauyi, a nemi wuri a ƙarƙashin gado, a jikin bango, da bayan ƙofa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Iyayenmu da suka zauna a ɗakunan da ba su kai waɗannan ba sun san alkuki a jikin bango, sun san ragaya da ake rataye ƙwarya, sun san gafaka da ake sa Alƙur'ani a rataye, sun san adudu. Gadon ƙarfe mai dogayen ƙafafu na ɗakin amarya, ai ƙarƙashinsa ne ma'ajiyar rabin kayanta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ƙarƙashin gado

Idan za a kashe kuɗi a abu ɗaya kawai, to a kashe a gado. Gadon mutum ɗaya da aka ɗaga har ya bar santimita 35 tsakaninsa da ƙasa yana ba da wurin da ya kai kusan lita 600, wato kwatankwacin duro ko tano uku na lita 200, ba tare da ya ƙara cin ko taku ɗaya na ɗakin ba. Mai walda ko kafinta zai iya yin sa, ko ya ƙara wa wanda ake da shi tsawon ƙafafu. Kada dai a ɗora gado a kan bulo da aka jera ɗaya kan ɗaya, domin yaro ba ya hawa gado a hankali.

A nan za a sa kashi na biyu, kayan da sai lokaci-lokaci ake nema. A zuba su a akwatin ƙarfe ko na roba mai murfi, a ɗaura wa kowane igiya gajera a hannu don a riƙa jawowa, a rubuta a goshinsa abin da ke ciki. Murfi wajibi ne saboda ƙurar hunturu da kyankyaso. Kada akwati ya zauna kai tsaye a kan daɓe, a sa masa sanduna biyu a ƙasa, domin da damina daɓe yana tsatso danshi. Manomi bai ɗora rumbunsa a kan duwatsu don ado ba, gudun danshi da gara ne, kuma hikimar ɗaya ce.

Wurin da yake da duhu da sanyi kunama tana son sa. A koya wa yaro ya jawo akwati waje kafin ya buɗe, kada ya zura hannu inda idonsa bai gani ba, kuma ya kakkaɓe takalmi kafin ya sa. Kowane mako a jawo komai a share. Masu sa kafur a cikin tufafi su sani guba ne idan aka haɗiye, ƙananan yara kuma suna ɗaukarsa alewa. Inda akwai masu rarrafe gara a yi amfani da busasshen ganyen dogon yaro kamar yadda aka saba, a kuma riƙa shanya kayan a rana.

Wanda ba shi da halin gado kada ya ce ba da shi ake ba. Katifa ko tabarma a naɗe ta da safe a jingine, akwati mai ƙarfi guda ya zama ma'ajiya ya kuma zama wurin zama.

Bango

Kanta ita ce maganin littattafai. Ƙaramin kaye faɗinsa santimita 17 ne, babba kuma 24, saboda haka kanta mai zurfin santimita 25 zuwa 30 ta wadatar. Falankin da masu sayar da katako suke kira kwantirfilake yana zuwa da santimita 122 da 244. Idan kafinta ya tsaga shi a tsaye gida huɗu, ya yanka kowane gida uku, za a sami kanta 12 masu santimita 30 da 80. Wannan ya ishi gida uku ko huɗu, don haka maƙwabta suna iya haɗa kuɗi su saya tare. Mutanen Yamai sun san kasuwar Katako, kowane gari kuma yana da inda ake samun irin wannan. A nemi mai kaurin milimita 15 ko 18, domin takarda tana da nauyin da ba a zato: bandir ɗaya na farar takarda mai 500 ya kai kilo biyu da rabi. Siririn falanki zai lanƙwashe kafin shekara ta zagayo, haka ma mai kauri idan aka bar fiye da santimita 80 tsakanin madogaransa.

Kafin a huda bango a lura da abu uku. Idan gidan haya ne a nemi izinin mai gida, domin bangon amana ne a hannunmu. Idan akwai wutar lantarki a kauce wa saman makunni da saman inda ake jona waya da ƙasansu, nan ne wayoyi suka fi bi a cikin bango. Sannan a san irin bangon. Bulon siminti yawanci cikinsa rami ne, ƙusa kawai ba ta kama shi, sai an huda an cusa ƴar robar da ake sayarwa don wannan aiki, sannan a ɗaura ƙusa mai murɗi. Bangon ƙasa kuwa ba ya riƙe nauyi da ƙusa ko kaɗan. Wanda ɗakinsa na ƙasa ne ya sa magini ya fitar masa da alkuki idan bangon yana da kauri, ko ya yi kanta mai ƙafafu, ya bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango, ya riƙa duba ko gara ta fara gina hanyarta.

Wajen tsayin da za a kafa, kada uba ya auna da kansa. A tsai da yaron a jikin bango, ya miƙa hannu sama, a yi alama da alli. Duk abin da yake bukata kullum ya kasance ƙasa da wannan alamar. Masu nauyi a ƙasa, na kullum a tsakiya, waɗanda ba a cika nema ba a sama. Alƙur'ani yana da haƙƙin a ɗaukaka shi, kada a ɗora komai a kansa, amma mun sha ganin gidajen da aka kai shi can kusa da rufi har ya zama yaro ba ya iya ɗaukowa sai ya taka kujera, ƙarshenta sai ƙura ta rufe shi. A ba shi kantar da ta fi sauran tsayi cikin waɗanda hannun yaron yake kaiwa, allo kuma a yi masa ƙugiya a gefe.

Teburin karatu ma bango yana iya ɗauka. Falanki mai santimita 60 da 40 da aka kafa da fata irin ta ƙofa, a ɗaga shi lokacin karatu a sauke idan an gama, ya fi a ce yaro ya yi ta rubutu a kan gwiwa. A sa shi kusa da taga.

Duk abin da yake tsaye mai tsawo, armuwar ce ko kanta mai ƙafafu, a ɗaure samansa da bango. Ƙananan yara suna jawo aljihunan durowa su taka kamar tsani, sai ta kifo musu. A shekarar 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi kimanin miliyan 29 a Amurka bayan da wasu suka faɗo a kan ƙananan yara suka yi ajalinsu. Idan haka ta faru da kayan babban kamfani a kan daɓe mai kyau, ina ga wadda aka ƙera a bakin titi aka ajiye a daɓen da bai daidaita ba?

Bayan ƙofa da kusurwa

Sanda guda da aka kafa mata ƙugiya biyar ko shida a bayan ƙofa ko a gefenta za ta ɗauke jakar makaranta, hula, hijabi, da rigar da za a sake sawa. Tela kuma zai iya ɗinka jaka mai aljihu da yawa da ragowar atamfa ko wankakken buhun shinkafa, a rataye ta don safa, mataji, buroshi da sauran ƙananan abubuwa da suka fi ɓacewa. A lura kada nauyi ya yi wa ƙofar yawa, kada kuma ya hana ta buɗewa gaba ɗaya. A kusurwa ana iya gitta bututun ƙarfe daga bango zuwa bango a rataye manyan riguna, a saya musu labule saboda ƙura. Ƙugiya kada ta zo daidai idon yaro, igiya mai zarge kuma kada ta sauko inda ƙananan za su kai.

Gado mai hawa biyu

Inda yara biyu suke ɗaki ɗaya, gado mai hawa biyu yana mai do da wurin katifa guda, yana kuma ba kowa makwancinsa. Amma yana da sharuɗɗa. Yaron da bai kai shekara 6 ba kada ya kwana a sama. A yi wa saman shinge ta kowane gefe wanda ya ɗara katifar sosai. Idan akwai fanka a rufi a tabbata hannun na sama ba ya kai gare ta. A tuna kuma da zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi yake haura 40: wanda yake kusa da kwano shi ya fi shan wuya, don haka ɗakin da rufinsa ya yi ƙasa bai dace da irin wannan gado ba. Kowane hawa a yi masa nasa gidan sauro da za a cusa a ƙarƙashin katifa, kada neman wuri ya jawo mana zazzaɓin cizon sauro.

Idan mace da namiji ne suka kai wannan shekarun, raba musu ɗaki shi ne daidai, ko da namijin zai koma falo. Inda hakan ya gagara, a gitta armuwar ko labule mai kauri a tsakani.

Akwati da maɓalli

Akwai tambayar da iyaye suke yawan yi: shin a bar yaro ya kulle kayansa? Ra'ayinmu shi ne a ba shi ƙaramin akwati guda mai kwaɗo, maɓalli ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun mahaifiyarsa, kuma ya san da haka tun ranar farko. Ta haka ya tsira daga ɓarnar ƙanne, iyaye kuma ba su saki haƙƙin kulawa ba. Idan bukatar dubawa ta taso a duba a gabansa. Suratun Nur ta koyar da yara neman izini kafin su shiga wurin iyayensu a lokuta uku, kuma yaron da ake yi wa sallama kafin a shiga inda yake, shi ya fi saurin koyon wannan ladabi.

Ga ƴa mace abin ya fi muhimmanci. A wannan tsakanin ne da yawa suke fara al'ada, wasu ma ba tare da an taɓa yi musu bayani ba. Uwa ta tanadar mata wuri mai rufi don ƙananan tufafinta da abin da za ta bukata, tun kafin ranar ta zo. Miƙa mata wannan akwatin ma wata ƙofa ce ta fara zancen tsarki da wanka, zancen da kunya take hana iyaye da yawa farawa.

A yi adalci wajen rabo. Idan an yi wa babba kanta a yi wa ƙanensa ko da ƙugiya biyu ne da ɗan kwali. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya isa gargaɗi a kan fifita wani ɗa da kyauta, kuma yara suna lura da abin da mu muke gani bai kai ya kawo ba.

Takardun asali kuwa, kamar takardar haihuwa, katin rigakafi da sakamakon jarrabawa, su zauna a hannun iyaye, cikin leda, cikin gwangwani mai murfi, a wuri mai tsayi. Kwafi kawai za a bar wa yaro. Ambaliyar da ta shiga unguwannin Yamai a 2020, da ruwan 2024 da ya rushe gidaje a Maraɗi da Damagaram har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, sun nuna mana cewa abin da ke ƙasa shi ruwa yake fara ci. Wanda ya taɓa bin sawun sabunta takardar haihuwa ana gab da jarrabawa ya san wahalar da muke nufi.

Abin da ya rage bayan kafinta ya tafi

Mu koma ga maƙwabcinmu. Buhunan hatsi sun koma wani wuri, keken ɗinki an ba wata ƴar uwa da take bukatarsa, an ɗaga gado, an kafa kanta uku da ƙugiya shida. Ba za mu ce yaron ya zama wani mutum dabam ba. Har yanzu yakan jefar da riga a ƙasa, yakan manta. Amma yanzu idan uban ya ce, "Mai da shi wurinsa," akwai wurin da ake nufi, kuma rigimar safiya ta ragu ƙwarai.

Sauran aikin na sabo ne. Kowane dare bayan Isha'i yaro ya shirya jakarsa ya rataye, ya fitar da tufafin gobe. Ranar da ba makaranta ya share ƙarƙashin gado. Sau biyu a shekara, kafin komawa makaranta da kafin Sallah, a sake zama a tabarma a rage abin da ya yi masa kaɗan. Uwa ta daure kada ta riƙa gyara masa, ko da nata gyaran ya fi kyau ya fi sauri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka damƙa wa kanta uku yana ɗan shekara 11 ya riƙe su da kyau, ana sa ran gobe idan aka damƙa masa shago ko gida ko dukiyar jama'a zai san yadda ake riƙon amana.

Muna kira ga kowane uba da ya karanta wannan ya shiga ɗakin ƴaƴansa a wannan makon, ya yi musu tambayar da muka yi wa ɗan maƙwabcinmu, ya ga abin da za su nuna masa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya yalwata mana gidajenmu da arzikinmu, ya sa ƴaƴanmu su zama sanyin idanunmu.